Nauyin Zoben Adizatu

Litinin, 5 ga Maris 1956, bayan la'asar

Gida lafiya, alhamdu lillahi. Malam maigidana yana nan da ciwon gwiwarsa, yau da sanda ya je masallaci, gobe zai ce ta warke. Safiatu, 'yata da ke aure a Tafo, ta aiko cewa kumburin ƙafa ya sauka, saura haihuwa. Habsa maƙwabciyata haƙori ya hana ta cin nama, amma bai hana ta magana ba. Akuya ta haifi biyu, ɗaya bai miƙe ba tukuna. Ni ba abin da ke damuna sai faɗuwar gaba, wannan kuwa tun ina budurwa haka nake.

Malamar ajin manya ta ce wanda ba ya rubutu kullum, hannunsa mantuwa zai yi. Ina da shekara arba'in da bakwai na fara riƙe fensir, ba zan bari ya kuɓuce mini ba.

Wasiƙar Ɗanjuma ta zo daga Takoradi, inda yake gyaran injin a tashar jiragen ruwa. Ɗanjuma nake ce masa don ran Juma'a aka haife shi. Ɗan fari ne, sunansa na yanka ba ya fita bakina. Ni na karanta wasiƙar da kaina, ban kai wa kowa ba.

Ya ce ran Juma'a talatin ga wata, da za mu kai goron gaisuwa gidan Alhaji Mahama mai shanu a Moshi Zango, yana so a ɗora zobe mai daimon a kan kayan, na Adizatu. Ita ce 'yar Alhajin da ke koyon aikin nas. Ya ce zoben yana kantin wani ɗan Siriya a Adum, nan tsakiyar Kumasi, cikin gilashi, layin sama, na uku daga hagu. Ya ja layi ƙarƙashin wannan: shi ta duba, kada a ɗauki wani. Kuɗin ya aiko ta gidan waya. A cikin ambulan akwai zare da ƙulli biyu, wai kaurin yatsarta ke nan.

Yadda aka yi ya san kaurin yatsar 'yar mutane, ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba.

Malam ya ce, “Mu da muka aure ku da goro da turmi biyu, yatsunku zubewa suka yi?” Amma na ga yana murmushi cikin gemunsa.

Alhamis, 8 ga Maris, bayan azahar

Mun je Adum ni da Habsa. Na sa zanena mai ruwan bula, na ɗaura kuɗin a ƙugu har yana cizona. Tun da nake a Kumasi ban taɓa shiga irin wannan kanti ba. Na tuɓe takalmi a ƙofa, yarinyar kantin, 'yar Asante, ta ce, “Maame, sa abinki, ba masallaci ba ne.”

Na ƙirga da yatsa a kan gilashin: ɗaya, biyu, uku. Na sake ƙirgawa daga ɗaya gefen ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Habsa ta sunkuya har hancinta ya taɓa gilashi. Ta ce, “Batulu, ina zoben?”

Na ce, “Ga shi nan.”

Ta ce, “Wannan? Ai ko waya da ake ɗaure kwandon goro ta fi shi jiki. Kassim a teku ya bar hankalinsa?”

Ita ta faɗi sunan, ni rubutawa kawai na yi. Na tambayi Malam, ya ce rubutu ba faɗa ba ne.

Gaskiya Habsa ba ta yi ƙarya ba. Siriri ne, fari kamar gwangwanin madara, ba ja ba irin zinariyar da muka sani. Dutsen kuwa bai wuce ƙwayar dawa ba, 'yan farata huɗu sun riƙe shi a sama. Na ce wa mai kantin ko yana da yayansa. Ya yi dariya, ya ɗauko shi, ya kira ni bakin ƙofa inda rana ke shigowa. Ya ce, “Mama, duba.” Ya juya shi kaɗan.

Wayyo ni. Wuta ta fito daga cikin abin nan, kore da ja da wani shuɗi da ban san sunansa ba, har ta haska bangon kanti. Na ja baya. Habsa ta ce, “Ei! Akwai aljani a ciki.” Muka yi ta dariya kamar 'yan mata, mai kantin yana juyawa muna cewa ƙara.

Zaren ya yi daidai. Na biya, aka sa shi cikin ɗan akwati mai shimfiɗa a ciki. A lori hannuna yana kan ƙirjina har gida. Ni Batulu mai shinkafa da wake, ni na sayi daimon. Da uwata na da rai!

Juma'a, 9 ga Maris, da hantsi

Na ɗora shi a tafin hannu na rufe ido. Ban ji akwai komai ba.

Asabar, 10 ga Maris, kafin magariba

Ga abin da ke cina. Ranar kai kaya, gwaggonnin yarinya su ke buɗe komai a tsakar gida, a gaban mata duka. Zane su murza shi, turare su sansana, zinariya kuwa su auna ta a tafin hannu. Gidan Alhaji Mahama yayarsa ce mai aunawa, Gwaggo Zaratu. Duk Zango an san hannunta. Bara a wani biki aka miƙa mata 'yan kunne, ta ɗaga su sau ɗaya, ta ce, “Ku rufe ƙofa, kada iska ta tafi da sadakin mutane.” Har yau ana kiran angon nan Mai Iska, shi da ya haifi ɗa.

Su masu shanu ne. Mu tukunya ce gadonmu. In ta ɗaga wannan ta ce wani abu, ɗana ne zai ɗauki sunan har furfura.

Na gaya wa Malam. Ya ce, “An ce ki saya, kin saya. Ki sa a akwati ki rufe, ki rufe bakinki ma.”

Na rufe akwatin.

Litinin, 12 ga Maris, bayan azahar

Na biya ta wurin Garuba maƙerin zinariya, bayan masallacin unguwa. Gaisuwa kawai na je yi. Matarsa ba ta da lafiya kwanaki.

Abinci ya ƙare da wuri yau, masu gyaran mota daga Suame suka kwashe. Ɗan akuya ya miƙe.

Talata, 13 ga Maris, bayan asuba

Malam ya ce ina 'yan kunnena. Shekara talatin bai lura da abin da na sa ba, sai yau. Na ce kunnena ke ƙaiƙayi.

Alhamis, 15 ga Maris, bayan la'asar

Tunda littafina ne, bari in faɗa. Ba gaisuwa kaɗai na je yi ba. Na kai wa Garuba zoben da 'yan kunnen da uwata ta zo da su daga Salaga, jan zinariya masu nauyi, na ce ya narkar da su ya ƙara wa zoben jiki. Ban ce ya canza komai ba. Ƙiba kawai na ce a sa masa.

Yau na je karɓa. Garuba ya ce, “Hajiyata, farin ƙarfen nan shaiɗani ne. Na zuga wuta har gashin girata ya ƙone, ko gezau. Ba ya haɗuwa da zinariya.” To sai ya buɗe faratan, ya cire dutsen, ya ƙera sabon zobe da zinariyata, ya dasa dutsen a tsakiya. Ya miƙo mini farin a takarda, ba komai a kansa, farce ɗaya ya karye.

Sabon kuwa, masha Allah! Ja wur, mai kauri, da zanen igiya a gefe. Da ya sa mini a hannu sai da hannuna ya yi ƙasa. Habsa ta yi guɗa a tsakar gida, ta ce, “Yanzu aka yi zobe! Gwaggo Zaratu ta zo da hannu biyu.” Ta sa shi a ɗan yatsanta tana tafiyar amare, tana kallon ƙasa, har Malam ya leƙo ya ce ko an yi haihuwa ne.

Na yi murna. Wallahi na yi murna.

Juma'a, 16 ga Maris, da hantsi

Na fita da shi rana, na juya yadda mai kanti ya yi. Na juya ta kowane gefe. Babu kore, babu ja. Dutsen ya nutse cikin zinariya kamar tsakuwa a tuwo, kansa kawai ake gani.

Wataƙila hadari ne ya rage rana.

Asabar, 17 ga Maris, bayan azahar

Rana ta fito sosai yau. Ba hadari ba ne.

Lahadi, 18 ga Maris, bayan la'asar

Adizatu ta zo, ta kawo wa Malam man shafawa na gwiwa. Kamar kullum ta durƙusa a bakin ƙofa, mayafi har goshi, ba ta ɗago ido ba. Yarinya mai kunya, a ce wai wannan ce ke yi wa ƙattai allura. Na ba ta fura ta ce ta ƙoshi, na fita na ba ta wuri, da na dawo kwanon ya yi rabi.

Habsa ba ta iya zama da magana a ciki. Ta ce, “'Yar nan, mun je Adum fa.”

Adizatu ta ƙara sunkuyawa, amma na ga bakinta. Habsa ta ce, “Duk zobban kantin nan, me kika gani a wancan ɗan mitsitsin?”

Da ƙyar aka ji muryarta. Ta ce, “Inna Habsa, kamar ɗigon ruwa yake a kan ganye. Duk ranar da na tashi aiki sai na bi ta can in gan shi, tun kafin shi ya sani. Ran Alhamis ɗin can na je na ga wurinsa ba komai, sai na san Mma ta zo.” Ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Na tashi na ce wake zai ƙone. Babu wake a wuta.

Litinin, 19 ga Maris, da hantsi

Wata wasiƙa daga Takoradi. Layi uku. Ko na samu? Ko shi ne na ukun? Kada in bar kowa ya taɓa shi.

Ban ba shi amsa ba.

Talata, 20 ga Maris, bayan azahar

Na koma Adum ni kaɗai, da farin a takarda da jan a ƙugu. Da mai kantin ya gani ya dafe kai da hannu biyu, ya yi magana da yarensu mai tsawo. Ya ce gyaran farcen sai a Akara, kuma ba zai dawo ba sai bayan azumi ya kama. Irinsa kuma babu wani, sai jirgi ya zo. Ya faɗi sunan farin ƙarfen, ban riƙe ba. Wai ya fi zinariya daraja. Abin da ya fi zinariya, a ce ba shi da launi!

Yarinyar kantin ta raka ni ƙofa, ta ce, “Maame, kada ki yi kuka a titi.” Ban yi ba sai da na wuce tashar Kejetiya.

Saura kwana goma, wasiƙar Ɗanjuma tana nan. Ban ba shi amsa ba.

Laraba, 21 ga Maris, bayan asuba

Na zuba gishiri sau biyu a miya. Malam ya cinye, daga baya ya ce, “Kunnen naki bai daina ƙaiƙayi ba?” Ya sani. Ya ce shi ba zai shiga ba, amma mai abu ita ake gaya wa, ba maƙwabta ba.

Yaya za a yi in zaunar da surukata, tun ba ta shigo gidana ba, in ce mata na yi ɓarna? Uwar mijina har ta rasu ban taɓa ganin haƙoranta ba.

Alhamis, 22 ga Maris, kafin magariba



Na aika Habsa ta kira Adizatu, a ce gwiwar Malam. Da ta zo na kai ta ɗaki, na sa ta zauna a kan gado, ta ƙi, na ce sai ta zauna. Na ajiye su biyu a gabanta, farin da jan. Na faɗi komai ina kallon bango, har maganar Gwaggo Zaratu da Mai Iska.

Ta ɗauki farin tana shafa wurin da dutsen yake da. Na ga hawaye ya sauka a kan takardar. Na ce a raina, Batulu kin kashe auren ɗanki da hannunki.

Sai ta ɗago. Yau ne ta fara kallon fuskata. Ba idona ta kalla ba, kunnena ta kalla, dama da hagu.

Ta ce, “Mma, ina na Salaga?”

Ta ɗauki jan ta auna a tafinta, daidai yadda gwaggonta ke yi, har da karkata kai. Sai dariya ta kama ta, hawayen bai bushe ba. Ta ce, “In na mari majinyaci da wannan, sai an yi masa ɗinki.” Ni ma na fashe. Habsa da ke laɓe bayan labule ta faɗo ciki.

Da muka natsu ta kai shi taga ta daɗe tana dubawa. Ta ce, “Bai mutu ba, Mma. Rufe shi aka yi. A wancan iska da haske suna shiga ta ko'ina. Nan an gina masa ɗaki ba taga.”

Mu uku muka tafi wurin Garuba. Da na gan ta tsaye a kansa, sai na gane yadda take yi da ƙattai. “Baba Garuba, rage bakin nan. Ƙara. A'a, ba can ba, nan.” Ya ce, “'Yar nan, tun ba a haifi ubanki ba nake ƙira.” Ta ce, “Shi ya sa na san za ka iya.” Ya yi ta gunaguni yana goga magagari, ya huda ƙasan dutsen, ya buɗe 'yan ƙofofi a gefe. Garin zinariyar da ya zuba ya tara mini a takarda, ya ce ba ya cin na mata.

Ya ce a zo gobe, sai ya wanke ya goge.

A hanya ta ce mini, “Amma shi, Mma, ke za ki gaya masa. Ni babu ruwana.”

Juma'a, 23 ga Maris, bayan azahar

Ya dawo! Koren ya dawo, jan ya dawo, shuɗin nan ma. Ba kamar na kanti sak ba, ba zan yi wa littafina ƙarya ba, ya ɗan ragu. Amma a cikin jan zinariya sai ka ce garwashi ne ke ƙyafta ido. Garuba ya fito da shi titi yana nuna wa masu wucewa, wai dabararsa ce.

Adizatu ta gwada, ya zauna mata daidai. Ta ɓoye hannun a mayafi ta ƙi fitarwa, sai da Habsa ta ce za ta kira 'yan sanda. Farin kuma ta roƙe ni in ba ta, ta ce za ta sa shi a zare ta rataya a wuya ranakun aiki.

Safiatu ta haihu da asuba, mace. Ban san wanne zan fara yi wa murna ba.

Asabar, 24 ga Maris, bayan la'asar

Zango ba ta da sirri. Ina kwasar shinkafa sai ga Gwaggo Zaratu a ƙofar gidana, wai wucewa take ta ce bari ta yi barka. Daga Moshi Zango zuwa nan ba hanyar wucewa ba ce.

Ta sha ruwa, ta yi barka, ta ce, “An ce akwai wani abu da Garuba ke tallarsa a titi.”

Na kawo. Ta ɗora a tafi, ta karkata kai, ta ɗaga sau ɗaya, sau biyu. Ta kai shi rana. Hasken ya buga mata ido har ta ƙifta.

Ta ce, “Dutsen ƙarami ne.”

Na ce, “Haka ne, Gwaggo.”

Ta ce, “Zinariyar ta da ce. Ba a samun irinta yanzu.” Ta kalli kunnena, ta kau da kai. Ta mayar da shi akwati da kanta, ta rufe a hankali. A bakin ƙofa ta ce, “Ran Juma'a ki miƙo mini shi a gaban mata. Zan yi kamar ban taɓa gani ba.”

Ta karɓi shinkafa da wake a ganye, ta ce in ƙara yaji.

Lahadi, 25 ga Maris, da hantsi

Na rubuta masa. Sau uku ina yagewa. Seini direba zai tafi da ita Takoradi gobe da sassafe. Ga abin da na rubuta, na kwafe nan don kada in ce daga baya ba haka na ce ba.

Ɗanjuma, bayan gaisuwa. Kowa lafiya, ka yi 'ya a Tafo. Zoben da ka ce, shi na saya, na uku daga hagu. Ka ce kada kowa ya taɓa, ni na taɓa. Dutsen yana nan, amma gidansa ya canza, yanzu cikin zinariyar kakarka yake zaune. Na yi ne don tsoron bakin mutane a kanka, ban yi shawara da kai ba, wannan laifina ne. Mai abin ta gani ta karɓa. Gwaggonta ta auna bai tashi sama ba. Saura kai. Ba zan ɗora shi a kan goronka ba sai da yardarka. Seini zai juyo ran Laraba, ka ba shi amsa a hannu, kada ta wuce Laraba ashirin da takwas, don Alhamis za mu ɗaure kaya. Ka rubuta da manyan baƙaƙe, idona ya gaji kwanan nan. In ka yarda, ka ce ka yarda. In kuma ba ka yarda ba, Adizatu ta ce kada ka rubuta, ka hau lori ka zo ka faɗa mata da bakinka, a gaban Gwaggo Zaratu.